Akuyar Wani a Bakin Kanal: Wa Zai Biya?

A ƙauyukan Kano da dama, ana gama kaka sai a saki dabbobi su yi kala. A Garun Mallam lissafin ya sha bamban. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa bin kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, rani ya zama lokacin tumatir da albasa da alkama. Akuya kuwa ba ruwanta da wannan sauyi. Ko ta faɗa fadamar da aka yi wa feshi, ko ɗan acaɓa mai sauri zuwa Kwanar Gafan ya karya mata ƙafa.

Abin da mai babur zai fara faɗa shi ne, "Wallahi ba da gangan ba ne." Wannan magana tana da amfani a gaban dokar Penal Code, domin laifin ɓarna sai da niyya ko sanin abin da zai biyo baya. Amma ba ta hana biya. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke bi, ganganci da kuskure ɗaya suke wajen lamunin dukiyar mutane. In rauni kaɗan ne, a kimanta abin da ya ragu daga kuɗin dabbar, a biya. In ta nakasa har ba ta da sauran amfani, mai ita na da zaɓin karɓar ƙimarta cif.

Kare ma, da ake wa kallon banza, yana da lissafi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hanin sayar da kare, amma ta ɗora ƙima a kan wanda ya kashe na gadi ko na kiwo.

Feshi ya fi sarƙaƙiya. Manomin da ya fesa maganin tsutsa a gonarsa yadda aka saba, hujjarsa na da ƙarfi. Wanda ya barbaɗa guba a dusa don ya huce haushi, ba shi da ita.

Galibi dai maganar ba ta kaiwa gaban alƙali. Mai unguwa ko dagaci ya kira dillalin dabbobi ya yi kuɗi, dattawa su nemi ragi, mai akuya ya yafe wani abu saboda maƙwabtaka.