Tsatsa Da Ƙura Na Barazana Ga Ƙofofin Shaguna A Kasuwar Kwastam

MAIDUGURI — Ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta mamaye yankin Gamboru, inda Kasuwar Kwastam take. Ruwa ya janye, amma ƙofar ƙarfen da ta sha laka, ta shago ko ta gareji, tsatsa na ci gaba da cin gindinta, daidai mazaunin kwaɗo, inda ɓarawo kan fara dubawa.

Gyaran ba ya da tsada: a kankare tsatsar, a shafa jan fenti kafin damina. Da hunturu kuwa, share hanyar da ƙofar naɗi ke bi ya fi lafta mata giris, domin ƙura kan manne ta daskare. Sifirin na sama dai a bar wa mai walda, don yana iya karya hannu.