Madogarin Bindiga: Yadda Maharban Barewa Na Sikotlan Ke Zaɓensa

Manoman ƙasar Sikotlan, watau arewacin tsibirin Birtaniya, suna fama da wata maɓarnaciya wadda ba ta jin ƙarar gwangwani, ba ta tsoron mutum-mutumi. Barewa ce, amma ba irin tamu ba. Ƙahon namijin tasu rassa gare shi kamar itace, kowace shekara ya zubar da shi wani ya tsiro. Akwai babba, ja, wadda namijinta kan wuce kilo 100, akwai kuma ƙarama wadda ba ta fi akuya ba. Kyarkecin da ke cinsu ya ƙare a ƙasar yau fiye da shekara 250, saboda haka ba mai rage su sai mutum. An ƙiyasta yawansu ya kai wajen miliyan 1, watau ninkin abin da ake da shi a 1990. Suna cin amfanin gona da ciyawar tumaki, suna kuma cinye dashen itatuwa tun yana ƙarami. Tun a 1959 aka yi doka, aka kafa hukuma ta musamman domin kula da jar barewa da ɓarnarta.

Farautarsu ba ta gayya ba ce, ba karnuka, ba kiɗa. Sanɗa ake yi. Maharbi ya bi ta inda iska ba za ta kai wa dabba warinsa ba, ya yi ta rarrafe har ya matso kamar mita 100, sa'an nan ya yi harbi ɗaya tak. Domin wannan harbi ɗaya ne ba ya fita sai da abin da zai dogara bindiga a kai.

Dalilin Madogari

Ga lissafin, kowa ya duba. Tsawon bindiga kamar mita 1 ne. In bakinta ya goce da kaurin ƙwayar gero ɗaya, watau milimita 2, to, a nisan mita 100 harsashi zai kauce da santimita 20, kamar taƙi guda ke nan. Wurin da ake nema a jikin dabba kuwa, watau zuciya da huhu a bayan ƙafar gaba, faɗinsa a ƙaramar barewa bai kai taƙin ba. Mutumin da ya hau tudu yana haki, zuciyarsa na bugawa, hannunsa na rawa fiye da ƙwayar gero. In ya harba haka, sai harsashi ya sami ciki ko muƙamuƙi. Dabba ta gudu da rauni, ta kwana biyu tana wahala, ta mutu a kurmi. Nama ya ɓaci, an ɗauki alhaki, ba a ci riba ba. Don haka a jarrabawar da ake yi wa maharban barewa a Birtaniya, inda ake harbi daga mita 100 da mita 70, ba a hana mutum dogara bindigarsa. Ba a ɗaukarsa ragwanci, sanin aiki ne.

Iri-irin Madogari

Na farko shi ne ƙasa ita kanta. A tsaunukan arewa, inda ba itace kuma ciyawa gajera ce, maharbi kan kwanta rub da ciki, ya aza bindiga bisa jakarsa, ko bisa wasu gajerun ƙafafu biyu da ake maƙalawa a ƙarƙashinta. Ba abin da ya kai wannan tsayawa cak. Aibinsa ɗaya: in ciyawa ta kai gwiwa, wanda ya kwanta ba abin da zai gani sai ciyawa.

Na biyu sanda ɗaya, mai gwafa a kai. Ba ta da nauyi, ga saurin kafawa, ga amfanin dogarawa wajen hawan tudu. Tana hana bindiga sunkuyawa, amma ba ta hana ta kaɗawa dama da hagu. Sai harbin kusa.

Na uku sanda biyu da aka ɗaure kusa da kai, in an buɗe su yi gwafa. Sun fi ɗaya, gama kaɗawar gefe ta ragu, sai dai ta gaba da baya tana nan. Wanda ya sami itace ya jingina bayansa ya rage wannan.

Na huɗu sanda uku, kamar murhu. Su suna tsayawa da kansu, ko an ɗauke hannu. Wannan dabara ta daɗe a hannun masu farautar manyan namun daji a gabashi da kudancin Afirka, inda doguwar ciyawa ke tilasta wa mutum harbi a tsaye. Mai bin sawu ke riƙe da su, da an ga dabba ya kafa, maharbi ya aza. Aibinsu shi ne wuyar daidaitawa a kan gangare.

Na biyar sanda huɗu, masu gwafa biyu, ɗaya ta riƙe gaban bindiga, ɗaya ta riƙe gindinta. Shi ne maharban kurmi da na gefen gonaki suka fi yayi yanzu, domin mutum yana tsaye amma bindiga ta natsu kusan kamar yana kwance. Sai dai kafa shi na cin lokaci, in kuwa dabba ta matsa gefe sai an ɗaga ƙafa ɗaya an juya.

Na shida gado ne mai tsani, tsayinsa mita 3 ko 4, irin wanda yaranmu ke hawa su kori tsuntsu a gona, da itace a gicciye na aza bindiga. Ana kafa shi a bakin gonar da barewa ta saba shiga. Babban amfaninsa shi ne harbi na sauka ƙasa, in an yi kuskure harsashi ya nutse a turɓaya.

Abin Dubawa Kafin Zaɓe

A kasuwa akwai na alminiyam da na wasu abubuwa marasa nauyi, masu zugewa su tsawaita su gajarta, wasu da tsada ƙwarai. Amma tsofaffin maharba ba kuɗi suke fara tambaya ba. Abu huɗu suke dubawa.

Da fari, wurin farauta. In fili ne fetal, jaka ta isa. In ciyawa ce ko hatsi a tsaye, sai dogayen sanduna. In gona ɗaya ce ake tsaro, gado ya fi.

Na biyu, tsayin mutum. A kafa sandunan yadda bindiga za ta zo daidai kafaɗa, mutum na tsaye sosai. In sun gajarta ya duƙa, baya ya gaji, hannu ya yi rawa. In sun yi tsawo ya yi ɗage.

Na uku, ƙara. Kunnen barewa ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Sandar ƙarfe in ta bugi 'yar'uwarta, ko ta bugi dutse, aikin yini ya tashi a banza. Don haka ake naɗe kansu da roba ko fata.

Na huɗu, nauyi. Abin da za a yini ana ɗauke da shi, in ya cika nauyi wata rana a gida za a bar shi, ran nan kuwa za a neme shi.

Bayan zaɓe akwai ƙa'ida biyu. Kada a aza ƙarfen bindiga a kan madogari, sai itacenta, gama ƙarfen na girgiza lokacin da harsashi ke fita, in ya taɓa abu mai tauri saiti ya ɓaci. Kada kuma a haɗa mai tauri da mai tauri. In dutse ne ko kututture, a sa hula ko hannu a tsakani. Sa'an nan a riƙa gwaji a gida da bindiga ba harsashi, a kafa a naɗe, a kafa a naɗe, har hannu ya saba. Ba a gaban dabba ake koyon kafa sanda ba.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu a nan barewa ba yawa ta yi ba, ƙaranci ta yi, doka kuwa tana kāre ta. Mariri ma an bayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka soma mai da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata. Saboda haka ba muna kiran kowa ya tasar wa namun daji ba ne. Amma akwai manomin da gadu ko gwaggon biri ke tone masa rogo da gyaɗa, yana kuwa da bindiga da lasisinta da iznin hukuma. Shi wannan dabara ta madogari za ta amfane shi, ba kuwa sai ya kashe kwabo ba. Ya sari gora uku miƙaƙƙu, tsayinsu daidai kansa, ya ɗaure su da robar tiyub kamar taƙi guda daga sama. Shi ke nan. Buɗe ƙafafun ko tsuke su shi ke gajarta su ko tsawaita su.

Amma a tuna, madogari na gyara saiti ne kawai, ba ya duba abin da ke bayan dabba. Harsashin babbar bindiga yana iya tafiyar fiye da kilomita 3. A lokacin kaka gonaki cike suke da masu girbi, da mata masu kala, da yara makiyaya. Maharbin Sikotlan ba ya taɓa kunama sai ya ga dabbar sarai, ya kuma ga tudu ko ƙasa a bayanta wadda za ta tare harsashi. In bai gani ba sai ya sauke bindiga ya koma gida. Mu ma haka ya kamata mu yi. Kada a harbi motsin ciyawa, kada a harbi abin da ke tsaye a kan tudu sararin sama na bayansa. Dabbar da ta tsere yau a same ta gobe, amma harsashin da ya fita ba ya dawowa.

Allah ya kiyaye mana amfaninmu, ya sa mu girbe lafiya, amin.