3.4 Ƙananan Bambance-bambance a Jikin Kuɗin Ƙarfe na Zamanin Turawa da Yadda Ake Haska Su Domin Ɗaukar Hoto

A sashen da ya gabata an kawo sunayen da Hausawa suka laƙaba wa kuɗin ƙarfe na zamanin mulkin mallaka, wato anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka. A nan kuma za a duba yadda kwabbai biyu za su yi kama da juna a ido, alhali kuwa ba ɗaya suke ba, da kuma hanyar da aka bi wajen ɗaukar hotunan da aka sanya a ratayen wannan kundi.

Kuɗin farko da Turawan Ingila suka buga wa wannan yanki sun fito ne a shekarar 1907, wato kwabo da anini. Dukkansu suna da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, a gaba kuma akwai kambin sarauta da darajar kuɗin cikin rubutun boko da na Larabci. Aninin 1907 na alminiyam ne, amma da aka ga yana saurin lalacewa sai aka koma buga shi da gaurayen tagulla da nikel a 1908. Ke nan a shekarar 1908 akwai anini iri biyu masu zane ɗaya, nauyi da launi kaɗai ke raba su. Haka abin yake ga sule na 1920, domin a shekarar ce aka bar azurfa aka koma ƙarfe mai ruwan rawaya, kuma an buga kowanne daga cikinsu.

Bambancin da ya fi wuyar gani shi ne na tambarin ma'aikatar da ta buga kuɗin. Harafi ne ƙarami da bai kai ƙwayar gero ba. Harafin H yana nufin ma'aikatar Heaton da ke Birmingham, KN kuma ta King's Norton, SA ta Pretoria a Afirka ta Kudu. Wanda aka buga a ma'aikatar gwamnati ta Landan ba shi da harafi ko ɗaya. A nan matsalar take. Idan kwabo ya daɗe yana yawo a hannun jama'a har harafin ya goge, mai nazari zai iya ɗauka bugun Landan ne, ya rubuta hakan, kuma kuskuren ya zauna a cikin aikinsa. Rubutun gefe ma abin lura ne. Akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na VIII, wanda ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara, kuma da yake hujin ya hana sanya hoton sarki, sunan kaɗai ke bambanta su da na George na V na shekarar.

Kafin ɗaukar hoto, an fara duba kowane kuɗi da madubin ƙara girma, ana riƙe shi ta gefe. Ba a wanke ko ɗaya ba. Wasu masu sayar da tsofaffin kaya kan goge kuɗin da toka ko lemon tsami don su yi ƙyalli, su ja hankalin mai saye, alhali gugar tana cinye ɗan abin da ya rage na harafin. Mai wannan bincike ya sayi kwabo uku irin waɗannan, kuma babu wanda ya yi masa amfani a cikinsu.

Hotunan farko da aka ɗauka da walƙiyar kyamarar waya duk an watsar da su. Dalili kuwa shi ne hasken yana sauka ne kai tsaye a kan ƙarfen ya dawo cikin kyamara, sai fuskar kuɗin ta fito fari fat, ba a ganin tudu balle kwari. Rubutun jikin kuɗi tudu ne ɗan ƙarami, kuma inuwarsa ce ke bayyana shi. Saboda haka aka kashe walƙiyar, aka rufe taga, aka ajiye fitilar tebur guda ɗaya a gefe, ƙasa-ƙasa, yadda hasken zai riƙa sharar fuskar kuɗin. Da haka kowane harafi ya sami inuwa. Wani kwabo da aka riga aka rubuta cewa ba shi da tambari, da aka juya shi a hankali ƙarƙashin wannan haske sai ga ragowar KN ta fito. An riƙa sanya fitilar ta sama daga hagu, domin idan hasken ya zo ta ƙasa, ido kan ɗauki tudu a matsayin rami.

Wannan hanya ba ta dace da kuɗi mai sheƙi ba, kamar sule na azurfa. Shi sai an tausasa hasken, ta hanyar rataya farar takarda marar kauri tsakaninsa da fitila. Wata dabarar ita ce a kafa gilashi a karkace bisa kusurwar digiri 45 tsakanin kyamara da kuɗin, a haska gilashin daga gefe, shi kuma ya mayar da hasken ƙasa. An gwada ta, amma riƙe gilashin daidai yana da wuya ga wanda ba shi da kayan aiki.

An ɗora wayar a kan tarin littattafai, fuskarta daidai da ta kuɗin, domin a irin wannan kusanci ɗan karkata kaɗan kan sa gefe ɗaya ya dushe. An yi amfani da agogon jinkiri na kyamara don kada hannu ya girgiza ta. Kowane kuɗi an shimfiɗa shi a kan baƙin ƙyalle, da rula a gefensa, an kuma ɗauke shi gaba da baya. Sulallan 1920 kuwa an ɗauke su tare a hoto guda da hasken rana cikin inuwa, saboda fitilar ɗaki tana sa azurfa ta yi rawaya har ta saje da ɗan uwanta.