BUSHEWAR IDO DA CIWON ƁARIN KAI

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga Hamada da ƙura da hazo, ta lulluɓe Abuja da sauran garuruwan ƙasar nan. A wannan lokaci mutane da yawa sukan yi kukan zafin ido, kamar an zuba musu yashi. Waɗansu kuma ciwon kai ne yake kwantar da su. Galibi akan ɗauka ba abin da ya haɗa larurorin nan biyu, alhali kuwa binciken likitoci ya nuna akwai dangantaka tsakaninsu.

MENE NE BUSHEWAR IDO?

Hawayen da ke jiƙa ido ya ƙunshi abu 3: ruwa, da yauƙi mai riƙe ruwan a jikin ido, da maiƙo wanda ke fitowa daga gefen fatar ido don ya hana ruwan ƙafewa. Idan hawayen ya yi ƙaranci, ko maiƙon ya kasa, sai ido ya bushe. Alamominsa su ne raɗaɗi, da ja, da gani dishi-dishi, da ƙin haske. Wani lokaci ma idon yakan yi ta zubar da ruwa saboda raɗaɗin.

Ban da hunturu, na'urar sanyaya ɗaki, da fanka, da hayaƙin itace duk suna busar da ido. Haka kuma mai zura wa kwamfuta ko waya ido yakan rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba. Saboda haka larurar tana iya samun ma'aikacin ofis a Sakatariyar Tarayya, kamar yadda take samun mai sana'a a bakin hanya a Nyanya ko Kubwa.

MENE NE CIWON ƁARIN KAI?

Ciwo ne mai sara, galibi a gefe ɗaya na kai, wanda yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 idan ba a yi magani ba. Yakan zo da tashin zuciya ko amai, da ƙin haske da ƙara. Ya fi kama mata, kusan ninki 3 na maza.

INA SUKA HAƊU?

Akwai wata babbar jijiya a kowane gefe na kai wadda ke kai saƙon zafi daga goshi da fuska da ido zuwa ƙwaƙwalwa. Rassanta sun cika tantanin da ke rufe baƙin ido, shi ya sa ɗan ƙanƙanin tsakuwa yake hana mutum sukuni. Wannan jijiya ita ce kuma hanyar da ciwon ɓarin kai yake bi. Idan ido ya bushe, rassan nan sukan yi ta aika saƙon zafi, kuma likitoci suna ganin wannan yana iya taimakawa wajen tayar da ciwon ga mai fama da shi.

A shekarar 2019 likitocin Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka sun buga sakamakon nazarin da suka yi a kan bayanan majinyata fiye da 72,000. Sun tarar cewa masu ciwon ɓarin kai sun fi sauran mutane samun bushewar ido. Amma nazarin ya nuna haɗuwar larurorin ne kawai, bai tabbatar da cewa ɗaya ce take haifar da ɗayar ba. Don haka maganin bushewar ido ba ya warkar da ciwon ɓarin kai. Amfaninsa shi ne rage raɗaɗin ido, wato kawar da ɗaya daga cikin abubuwan da ke ƙara wa majinyaci wahala.

Akwai kuma wata haɗuwa ta fuskar magani. Waɗansu ƙwayoyin da ake bayarwa don hana tashin ciwon ɓarin kai, irin su amitriptyline, suna rage hawaye. Haka ma waɗansu magungunan mura da ƙaiƙayi. Wanda ya ji idonsa ya bushe bayan ya fara shan magani, kada ya daina da kansa. Ya koma wurin likitan da ya rubuta masa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Mai larurar guda ya gaya wa likita idan yana da alamun ɗayar.
2. A yi amfani da maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye bisa shawarar likita.
3. A riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi a kan ido a rufe, don maiƙon ya narke.
4. Mai aiki da kwamfuta ya riƙa ɗauke ido bayan kowane minti 20, ya dubi nesa, ya ƙifta.
5. A sa tabarau a ranar ƙura, a sha ruwa isasshe, a sami barci a kan lokaci.
6. Kada a ɗiga fitsari, ko nono, ko ruwan ganye a ido. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, domin waɗansu suna jawo hawan jinin ido da yana.
7. Shan maganin ciwon kai irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata yana iya mayar da ciwon na kullum.

GARGAƊI

Ba kowane ciwon kai mai haɗe da ciwon ido ne ɓarin kai ba. Idan ido ɗaya ya yi ja farat ɗaya, ga ciwo mai tsanani da amai, gani ya dushe, ko ana ganin zobe kewaye da fitila, to mai yiwuwa hawan jinin ido ne mai gaggawa, wanda ke iya makantarwa cikin 'yan kwanaki. A garzaya asibiti a ranar.

Akwai likitocin ido a Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda yake nesa da waɗannan ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi, a can za a tura shi inda ya dace. Wanda ya karanta wannan takarda kuma ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa.