Dawakin Kudu da Dawakin Tofa: Makarantun bayan gari da suka ba Kano likitoci da injiniyoyi

A jami'o'in Kano da maƙwabtanta, duk ajin da ake karatun likitanci ko injiniyanci ko haɗa magunguna, da wuya ka rasa wanda zai ce maka shi ɗan Dawaki ne. Ba asalinsa yake nufi ba, makarantarsa yake faɗa: Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga Kwanar Dawaki a hanyar Zariya, ko takwararta ta Dawakin Tofa da ke ta ɓangaren hanyar Katsina. Da yawanmu mun san sunan makarantun, amma kaɗan ne suka san dalilin kafa su.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ta tashi da ɗimbin jama'a amma da ƙarancin 'yan asalin jiha masu ilimin kimiyya. Asibitoci da ma'aikatun ayyuka sun dogara ga ƙwararrun da aka ɗauko haya daga waje, irin su Indiya da Fakistan da Masar. Ga kuɗin mai sun shigo a shekarun 1970, ga ayyuka jibge, amma babu 'yan gida da za su riƙe su. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ne ya sa a 1977, zamanin Gwamnan soja Kanar Sani Bello, aka kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, aka fara da waɗannan biyu. Cikin waɗanda ake ambata a matsayin jagororin shirin akwai marigayi Farfesa Ibrahim Ayagi, wanda kwamishina ne a lokacin.

Tsarin kuwa a fayyace yake. Ana shirya jarrabawa ga ɗaliban sauran makarantun gwamnati, a zaɓi waɗanda suka fi ƙoƙari a lissafi da kimiyya, a tara su a makarantar kwana su yi shekara uku. Hukumar na da kasafinta, kuma ita ke ɗaukar malamanta, saboda haka sayen kayan ɗakin gwaje-gwaje bai tsaya jiran takardun ma'aikata ba. Nisan makarantun daga hayaniyar birni shi ma ya taimaka: babu kasuwa, babu silima, daga aji sai ɗakin kwana sai karatun dare.

Shirin bai samu karɓuwa nan take ba. Akwai waɗanda suka ga cewa ware 'yan tsiraru a kashe musu kuɗi mai yawa rashin adalci ne ga sauran makarantu, waɗanda za a kwashe musu zaƙaƙuran ɗalibai. Masu goyon baya kuma suka ce jarrabawa ce ke shigar da yaro, don haka ɗan manomi daga Rano ko Ɗambatta na iya zama benci ɗaya da ɗan attajirin Fagge. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan shekaru goman farko na waɗannan makarantu, 1977 zuwa 1987.

Da aka fara ganin sakamako, sai shirin ya faɗaɗa. An buɗe ta 'yan mata a Taura, aka ƙara wata ta maza a Kafin Hausa, kuma dukkansu sun koma Jigawa da aka raba jihar a 1991. A Kano ma an samu ƙari, kamar ta 'yan mata a Garko da ta Maitama Sule a Gaya, hukumar kuma ta haɗa da makarantun fasaha. Yanzu bayan kammala aji uku na ƙaramar sakandare ake zana jarrabawar shiga. Tsofaffin ɗaliban suna da ƙungiyarsu, KASSOSA, kuma za ka same su a asibitoci da jami'o'i a ciki da wajen Najeriya.

To mu da muke jami'a yanzu, ina abin ya shafe mu? Ƙannenmu ne ke kan layi. Kuɗin makarantu masu zaman kansu ya fi ƙarfin yawancin iyayenmu, don haka makarantar gwamnati mai inganci ita ce kaɗai tsanin da ɗan talaka zai taka ya ci WAEC da NECO da JAMB har ya zama likita. Abubuwa uku suka ɗaga makarantun Dawaki: zaɓen ɗalibai bisa cancanta, malamai ƙwararru, da ɗakin gwaji mai kayan aiki. Duk ranar da alfarma ta maye gurbin jarrabawa, ko ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa leƙa madubin ƙara girman abu da idonsa ba, to suna kawai ya rage.

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Muna fata waɗannan makarantu za su kasance cikin na gaba-gaba wajen cin moriyarta. Mu kuma da namu aikin: a hutun zango, mu tara ƙannenmu na unguwa da ke aji uku, mu bita musu lissafi da kimiyya, mu sanar da iyayensu lokacin da fom ɗin jarrabawar ya fito. Akwai yara masu basira da dama da ba faɗuwa ce ta hana su shiga ba, labarin jarrabawar ne bai kai gidansu ba.