Musun Facebook: Wa Ake Yi Wa Magana?

Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, da wuya gari ya waye ba a kaure da musu a Facebook ko a zaurukan WhatsApp ba. 'Yan APC da 'yan PDP suna auna aikin Gwamna Umar Namadi da na Sule Lamido, ɗan Bamaina da ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Idan watan Maulidi ya kama, Izala da ɗariƙa su karɓi fage. Dattawa da yawa na ganin ɓarnar data ce kawai, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce: yaushe aka taɓa tashi daga irin wannan musu wani ya ce, "Ka yi gaskiya, na sauka"?

Sai dai ba a nan ya kamata a auna ba. Wanda ya shiga musu a bainar jama'a ya riga ya sa girmansa a ciki, sauka kuwa a gaban mutane abin kunya ne gare shi ko da hujja ta kama shi. Wanda ake zawarci shi ne mai karatu a ɓoye, wanda bai ce uffan ba, saboda haka ba ya jin nauyin sauya ra'ayi. Wannan tsohon abu ne a ƙasar nan. Lokacin da jam'iyyar PRP ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980, santsi a bayan Gwamna Abubakar Rimi, taɓo a bayan Malam Aminu Kano, yankin Jigawa yana cikin Jihar Kano, kuma masu hawa duro ba juna suke son shawo kai ba, talakan da ke tsaye a bakin taro suke nema. Sojojin baka na gidajen rediyo su ma haka suke.

Abin da ya sauya shi ne mai tsawatarwa. A majalisar ƙofar gida akwai babba da zai ce ya isa, akwai kuma sanin cewa gobe za a haɗu a sahun salla ko wurin jana'iza. A intanet babu wannan, mai gidan ma zuga yake yi. A 2018 Facebook ya fara fifita rubutun da ke jawo martani da yawa, takardun kamfanin da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 kuma suka nuna cewa rubutun fushi ya fi cin moriyar tsarin. Shi ya sa zagi ke yaɗuwa, bayanin mai hujja yana kwance.

To, ashe ba gara a yi shiru ba, musamman da yake abin na iya kai mutum gidan yari? Haɗarin gaskiya ne. A Nuwamba 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta a Twitter game da Aisha Buhari, aka gurfanar da shi a Abuja. Amma a lura da yadda ya fito: hayaniyar da aka yi a intanet, da barazanar zanga-zangar ɗalibai, sun taimaka wajen janye ƙarar a farkon Disamba. Galibin waɗanda suka ɗaga murya ba su san shi ba, wasu ma ba su yarda da kalamansa ba. Musun da suka karanta kan ko laifin ya kai a ɗaure mutum shi ya fito da su daga shirunsu.