Shin Ko Kun San? Gem Ɗin Da Ke Sauya Fuska Tsakanin Hannu Da Talabijin

Shin ko kun san akwai na'urar gem da ke rage wa kanta ƙarfi da gangan da zarar an ɗauke ta a hannu? Sunanta Nintendo Switch. Ka dasa ta a mazauninta, hoto ya haye talabijin. Ka zare ta, wasa ya ci gaba a tafin hannunka, ko a cikin gbaka ne, motar hayar Abijan, daga Adjamé zuwa Abobo, in dai ka samu wurin zama. Amma fa ƙarfin ba ɗaya ba ne! Tun kafin fitowarta, masu bincike na Digital Foundry sun gano cewa sashen da ke zana hoto yana gudun megahaz 768 a kan mazauni, a hannu kuwa sai ya sauko 307. Ko rabi bai kai ba. Dalili? Batir da zafi, shi ke nan.

Ranar 3 ga Maris 2017 ta fito, a kan dalar Amurka 300 ba sisi ɗaya. Fuskarta inci 6.2. Ƙwaƙwalwarta kuwa, wadda kamfanin Nvidia ya ƙera mai suna Tegra X1, tun 2015 take kasuwa. Wato tun ranar suna, kayan cikinta sun riga sun kwana biyu.

To, ku zo mu ƙirga ɗigo. Duk hoton da ke kan fuskar gem ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi. A hannu, Switch na nuna abin da ake kira 720p: ɗigo 921,600. A talabijin tana iya kai 1080p: ɗigo 2,073,600. Fiye da ninki biyu, daga sa ta a mazauni kawai! Kun ga abin mamaki?

Sai dai "tana iya kaiwa" daban, "ta kai" daban. Wasan Zelda: Breath of the Wild, wanda aka fito da shi rana ɗaya da na'urar, bai kai 1080p a talabijin ba. A 900p ya tsaya, yana juya hoto 30 a kowace daƙiƙa. Mario Kart 8 Deluxe kuwa ya cika 1080p cif, da hoto 60 a daƙiƙa. Na'ura ɗaya, kamfani ɗaya, sakamako biyu. Shi Zelda daji ne guda da duwatsu da ruwan sama yake ɗauke da su, shi kuwa Mario hanyar tsere ce kawai a gabansa. In kun tambaye ni, hoto 60 a daƙiƙa ya fi yawan ɗigo daɗi nesa ba kusa ba. Ido yakan yafe dishi-dishi, yatsa ba ya yafe jinkiri.

Ga wani kuma. The Witcher 3, ƙaton wasa daga ƙasar Poland da aka yi wa manyan kwamfutoci, an cusa shi cikin Switch a Oktoban 2019. Duka, har da ƙarin labaransa biyu, a cikin kaset ɗaya mai giga 32. Yaya aka yi? An yanka! A hannu 540p yake, ɗigo 518,400 kacal. Ciyawa ta ragu, inuwa ta yi laushi, fuskokin nesa sun zama kamar an kalle su cikin hazo. Duk da haka wasan na tafiya daga farko har ƙarshe, a aljihun rigarka.

'Yan ƙwallo, ku matso. A Kodebuwa, ƙasar da Giwayenta suka ɗaga kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairun 2024 a filin Ebimpé (ci 2 da 1, 'yan uwanmu na Najeriya ku yi haƙuri, ba tsokana ba ce), gem ɗin ƙwallo shi ne sarki. Shin kun san daga FIFA 20 har FIFA 23, na Switch kusan wasa ɗaya ne ake ta sake sayarwa? A jikin kwalin ma an rubuta Legacy Edition: sabbin riguna, sabbin sunayen 'yan wasa, salon buga ƙwallo na bara. Sai a EA Sports FC 24 aka sa masa injin Frostbite irin na PlayStation. Ya ƙara kyau, ya ƙara abubuwa, amma gudunsa ya faɗo zuwa hoto 30 a daƙiƙa. Tsohon FIFA 18 kuwa 60 yake yi. Sabo ya fi kyau, tsoho ya fi sauri!

Kamfanin fa? Dattijo ne tukuf. A 1889 aka kafa Nintendo a birnin Kyoto na Japan, yana buga karta mai zanen furanni. Ranar da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, wanda ya bai wa manyan jiragen ruwa hanyar shiga Abijan, Nintendo ta riga ta haura shekara 60 a duniya.

Kada ku lasa kaset ɗin Switch! Da gaske nake. An shafe shi da wani sinadari, denatonium benzoate, ɗaya daga cikin abubuwa mafi ɗaci da aka sani, don kada yaro ya haɗiye shi. Kaset ɗin bai fi kan babban yatsa ba. Da labarin ya bazu a 2017, sai ga manya da gemunsu suna lasa a gaban kyamara suna yatsina fuska.

Yanzu ga ƙanwarta. Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025. Fuska inci 7.9, 1080p a hannu, tana iya juya hoto har 120 a daƙiƙa. A talabijin kuwa 4K: ɗigo 8,294,400. Ninki tara na fuskar tsohuwar! Ma'ajiyarta giga 256, alhali ta farko 32 ce. Hannayenta da maganaɗisu suke mannewa, kuma in ka ɗora ɗaya ta gefensa a kan tebur ka ja shi, sai ya zama linzamin kwamfuta.

Wani sirri: ba duk ɗigon da kuke gani ne aka zana ba. Akwai dabarar Nvidia da ake kira DLSS. Na'urar na zana ƙaramin hoto, sannan ta yi hasashen abin da ya kamata ya cike gurbin, ta buɗa shi ya cika fuska. Zane kaɗan, canki da yawa. Da wannan ne Cyberpunk 2077, wasan da ya gagari PlayStation 4 har Sony ta cire shi daga shagonta a Disambar 2020, ya shiga hannu.

Batir fa? A nan ne yaya ta yi wa ƙanwa dariya. Nintendo da kanta ta ce Switch 2 na kai awa 2 zuwa 6 da rabi. Switch ɗin da aka gyara a 2019 kuwa awa 4 da rabi zuwa 9. Wanda zai hau mota daga tashar Adjamé zuwa Yamai, ya san wadda zai ɗauka.

To, mu zo maganar kuɗi, ku riƙe aljihu. Da Switch 2 ta fito a Faransa a 2025, yuro 469.99 aka sa mata. Lissafin ba wuya, domin sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya, sefa 655.957, ba ta motsi. Ku buga ku gani. Jaka 308, wato sefa dubu 308 da 'yan kai! Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa tun Janairun 2023 jaka 75 ne. Wato albashin wata huɗu cur, ba ci ba sha ba haya, kuma har yanzu da saura. Wannan fa farashin can ne, kafin kuɗin jirgi, kafin kwastan, kafin ribar mai shago. In kun ɗauka garba, wato attiéké da soyayyen kifin nan da 'yan Nijar suka yi suna da shi, kuna cin na sefa 500, to na'urar nan faranti 616 ce.

Kuma ba a gama ba, ai ba a sayi wasa ba tukuna. Mario Kart World, mai motoci 24 a tsere ɗaya, yuro 89.99 ne a kwali. Jaka 59! In ta intanet ne, yuro 79.99. Hatta ɗan wasan da ke koya maka yadda na'urar take, Welcome Tour, sai ka biya dala 10. Sayen doki, sannan a sayar maka da bayanin dokin.

A Japan kuwa, da Switch 2 ta fito a 2025, farashi biyu aka yi. Mai Japananci zalla, yen 49,980. Mai harsuna da yawa, yen 69,980. Ƙarfe ɗaya, roba ɗaya, bambancin yen 20,000. Dabara ce ta hana 'yan kasuwa kwashe mai araha su fitar waje. In wani ya miƙo muku Switch 2 da arahar da ta wuce hankali, ku kunna ta tukuna ku ga da wane yare take gaisuwa.

Kun taɓa jin kayan lantarki ya tsufa ya ƙara tsada? A Agustan 2025 Nintendo ta ɗaga farashin tsohuwar Switch a Amurka daga dala 300 zuwa 340. Bayan shekara takwas a kasuwa!

Shagon intanet na Nintendo, eShop, bai buɗe wa Kodebuwa ƙofa ba. Afirka ta Kudu ce ke da nata. Don haka mai Switch a unguwar Treichville, in zai sayi wasa ta intanet, yakan rubuta cewa a Faransa yake zaune, ya biya da katin yuro. Sa'ar dai ita ce kaset ɗin Turai ko na Amurka duk na'urar na karɓa, kuma filogin Faransa na shiga soket ɗin Abijan ba gardama.

Yanzu ku biyo ni Black na Adjamé, kasuwar waya da kayan lantarki. Lungu matsattse, akwatunan gilashi, 'yan kamasho na jan hannun riga. Tambayar farko: "Maigida, sabuwa ce ko France au revoir?" Wato ta kwali ce ko ta hannu. Gwanin saye ba ya tsayawa kallon kyan fuska. Yakan shiga saiti, ya buɗe wurin gwada sandar hannu, ya ɗauke yatsunsa gaba ɗaya, ya zuba ido. Akwai ɗan alama a tsakiyar da'ira. In ta tsaya cik, madalla. In ta fara rarrafe gefe ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta, to a rage kuɗi ko a canza hannu. Wannan cutar ta hannayen Joy-Con ta yi suna har ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai ƙara a 2020. A 2023 Nintendo ta amince da gyara kyauta a Turai. A Adjamé kuwa, mai gyara da ɗan sukudirebansa na nan a kan benci, yana jiranku.

Ku kula da wannan sosai: akwai kaset ɗin Switch 2 da babu wasa a cikinsa! Makulli ne kawai. Ka saya, ka sa, sai ta ce ka sauke wasan daga intanet, giga goma-goma. Street Fighter 6 haka yake. Cyberpunk 2077 kuwa a cike yake cikin kaset mai giga 64. Ga mai sayen data da awo, bambancin nan kuɗi ne tsababa. An rubuta a ƙasan kwalin, da hoton makulli. Ku duba kafin ku ƙirga kuɗi. Tsohon memorinku ma ba zai ɗauki wasan Switch 2 ba, sai sabon nau'i, microSD Express.

Me ya sa wasu ke juya tsohuwar Switch suna karanta lambar gindinta? A 2018 aka bankaɗo wata ɓaraka a ƙwaƙwalwar rukunin farko, wadda ba a iya toshe ta ta intanet, sai dai a sake ƙera na'urar. Da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen maƙala takarda ake buɗe ta! Shi ya sa wasu ke farautar mafi tsufa. Amma in Nintendo ta gano an yi wa na'ura kutse, takan toshe ta daga intanet, kuma toshewar na bin na'urar ne, ko hannu nawa ta canza. Mai sayen ta hannu, ya ce a haɗa ta da intanet a gabansa.

Abijan fa ba 'yar kallo ba ce a harkar nan. Tun 2017 ake yin bikin FEJA na gem da kayan lantarki a birnin, wanda kamfanin Paradise Game na Sidick Bakayoko ya ƙirƙiro, 'yan wasa na zuwa gasa daga ƙasashen Afirka daban-daban.

Switch 2 ta sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu na farko. Yayarta, mai tsohuwar ƙwaƙwalwa da ɗigo kaɗan, ta haura miliyan 150. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Kodebuwa miliyan 29 ne da ɗoriya. Da za a raba, kowa ya samu biyar, har jariran goye!